Lambar gazawar numfashi: J96.00 ce ko J96.01, kuma ita ake fara sawa ko nimoniya?

"Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar sashen rekod ce a wani asibiti, shekarata ɗaya da fara aiki, kuma a gefe ina karatun jarabawar sa lambar cuta irin ta Amurka. An kawo min foldar wani dattijo ɗan shekara 67, an kwantar da shi da nimoniya, yana da tsohon COPD, wato ciwon toshewar hanyoyin numfashi da ke daɗewa, ranar da aka kawo shi SpO2 ɗinsa, wato awon oksijin da ake yi a yatsa, 84 ne, aka sa masa oksijin lita 6 har kwana huɗu. Abin da likita ya rubuta distires ne kawai, wato wahalar numfashi, bai rubuta feliya, wato gazawar numfashi, ba. Na sa masa J96.01 don na gani a Google ita ce ta ƙarancin oksijin, sai kwamfutarmu ta nuna min wai J96.01 nau'i na biyu ce, oga kuma ya dawo min da foldar ya ce in cire ta gaba ɗaya. Wa ke da gaskiya? Kuma in har za a sa, ita ce a farko ko nimoniyar?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya yi wa karatun albarka. Tambayar taki a baki ɗaya ce amma uku ce a ciki: wane littafi ne a hannunki, kina da hurumin sa lambar ko ba ki da shi, sannan in an sa ta ina za ta zauna. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa miki, ogan naki ya yi daidai, kwamfutar ma ta yi daidai, shi ma Google ɗin bai yi miki ƙarya ba, littafin wata ƙasa kawai ya karanto miki. Ni dai ba likita ba ne, ma'aikacin rekod ne kamarki da ya daɗe yana shaƙar ƙurar folda, kuma ban ga foldar nan da idona ba, don haka a kan abin da kika rubuto zan gina magana.

Lamba ɗaya, littafi biyu

ICD-10, wato littafin lambobin cututtuka, na asali na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, shi ne asibitocinmu suka sani, shi ne kuma 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CIM-10 da Faransanci. A cikinsa gazawar numfashi tana gidan J96 kuma ɗakuna uku ne kacal, J96.0 ta farat ɗaya, J96.1 wadda ta daɗe a jiki, J96.9 wadda ba a fayyace ba. Daga baya aka ƙara harafi na biyar ga mai so, 0 na nufin nau'i na ɗaya wato ƙarancin oksijin, 1 na nufin nau'i na biyu wato taruwar iskar kabon, 9 kuma ba a faɗi nau'in ba. Ingila da Jamus duk a kan wannan tsarin suke. To kin ga a wannan littafin J96.00 ita ce ta ƙarancin oksijin, J96.01 kuma ta taruwar kabon, abin da kwamfutarku ta nuna miki ke nan.

Su kuwa Amurkawa sai suka ɗauki littafin suka yi masa nasu ɗinkin suka kira shi ICD-10-CM, suka fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, kafin nan suna kan ICD-9-CM inda ta farat ɗaya take 518.81. A nasu, sifili a ƙarshe na nufin ba a fayyace ba, 1 ƙarancin oksijin, 2 taruwar kabon. Wato J96.00 ba a fayyace ba, J96.01 ƙarancin oksijin, J96.02 taruwar kabon, haka zancen yake a J96.10, J96.11, J96.12 na wadda ta daɗe, sannan suka gina wani ɗaki da babu shi sam a littafin Hukumar Lafiya, J96.2, na sabuwar gazawa da ta hau kan tsohuwa, J96.20, J96.21, J96.22. Matsalar ita ce kusan duk shafin da zai fara fito miki in kin buga lamba a intanet na Amurkawa ne, kuma ba za su tsaya suna gaya miki hakan ba don su a ganinsu duniyar ke nan. Kama da wane ba ta wane. Na taɓa zama na bi rahoton wata uku na wani sashe a inda na yi aiki, sai na ga kusan duk masu nimoniya an sa musu J96.01, a takarda sai ka rantse unguwar gaba ɗaya masu taruwar kabon ne, ashe wani yaro ne mai ƙwazo yake kwafowa daga wayarsa yana zubawa a manhajar da aka gina kan littafin Hukumar Lafiya. Ba mugunta ba ce, bai san littafi biyu ba ne, mu ma da muka ɗora shi a kujerar ba mu gaya masa ba, laifin namu ne.

Tun da ke ƙafarki ɗaya tana asibiti ɗaya tana karatun jarabawa, ki raba su a kanki kamar yadda ake raba kuɗin adashe da na cefane. Da safe a ofis littafin da asibitinku da masu inshora suka yarda da shi, da dare a gida na Amurka. In lamba ta zo miki da J96.2 ko ta ƙare da 2, kin san daga tsallaken teku ta zo. ICD-11 ma yana nan tafe, ya fara aiki a hukumance tun 1 ga Janairu 2022, a can gazawar numfashi CB41 ce, amma wannan ki ajiye shi sai ranar da aka canja muku manhaja.

Mece ce ita gazawar numfashin

Aikin huhu biyu ne, ya shigar da oksijin cikin jini, ya fitar da iskar kabon. In na farko ya gaza shi ne nau'i na ɗaya, irin wanda ake gani a nimoniya, ruwa a huhu saboda ciwon zuciya, gudan jini a jijiyar huhu. In na biyu ya gaza, wato famfon da ke shaƙa da fitarwa ne ya gaji ko ƙwaƙwalwa ta daina ba shi umarni, shi ne nau'i na biyu, irin na COPD da ya tashi, asma da ta kai mutum ya gaji, yawan shan ƙwaya mai sa barci, ciwon da ke kashe jijiyoyi kamar Guillain-Barré, dafin wasu macizai, ko ƙiba mai tsanani. Mutum ɗaya zai iya haɗa duka biyun, kuma a littafin Amurka in likita ya rubuta duka biyun to duka biyun ake sawa, J96.01 da J96.02.

Alƙaluman da likitoci ke dubawa ya kamata ki san su da ka. A gwajin iskar jinin jijiya, ABG, in PaO2, wato awon oksijin a jini, ya yi ƙasa da 60 mmHg mutum yana shaƙar iskar ɗaki, ana maganar nau'i na ɗaya, kuma 60 ɗin nan ya yi daidai da SpO2 wajen 90 a ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa. In PaCO2, wato awon kabon a jini, ya haura 50 kuma pH, awon tsamin jini, ya faɗo ƙasa da 7.35, ana maganar nau'i na biyu na farat ɗaya, wasu wuraren kamar Ingila daga 45 suke fara lissafi. In kuwa kabon ɗin yana sama amma pH yana daidai kuma bayikabonet, sinadarin da ke rage tsamin jini, ya hau, ƙoda ce ta daɗe tana gyara, alamar tsohuwar gazawa ke nan. In an riga an sa wa mutum oksijin kafin a ɗebi jinin, sai a raba PaO2 da kason oksijin da yake shaƙa, in amsar ta yi ƙasa da 300 akwai magana. Iskar ɗaki kashi 21 ce cikin ɗari, kowace lita a minti ta robar hanci tana ƙara wajen kashi 4, don haka lita 6 ta dattijonki wajen kashi 44 ke nan, ƙiyasi ne ba awo ba. Da a ce an yi masa ABG an samu PaO2 70 a kan wannan, 70 a raba da 0.44 ya ba ki wajen 159, kin ga 70 ɗin da ya yi kama da lafiya ba lafiya ba ce.

Amma fa duk wannan lissafin ban koya miki don ki yanke hukunci ba. Na koya miki ne don ki san lokacin da za ki tashi daga kujera ki je ki yi tambaya.

Dalilin da ya sa oga ya ce ki cire

Mai sa lamba ba ya gano cuta, abin da likita ya gano ya rubuta shi yake mayarwa lamba. Wannan ita ce ƙa'idar da komai ke tsaye a kanta, a littafin Amurka ma a rubuce take ƙarara cewa lamba tana bin furucin likitan da ke kula da majinyaci ne. Likitanku distires ya rubuta. Distires alama ce, abin da ido ke gani, mutum yana haki, haƙarƙari na shiga yana fita, hanci na buɗewa, ba ya iya ƙarasa jimla. Feliya kuwa hukunci ne cewa huhun ya kasa aikinsa. Yaro mai asma zai iya yin distires sosai alhali oksijin ɗinsa lafiya lau, wani kuma mai taruwar kabon yana kwance shiru kamar mai gyangyaɗi ba haki ba komai alhali yana bakin kabari. Don haka kalmomin biyu ba sa maye gurbin juna, kuma lambobinsu ma ba gida ɗaya ba, wahalar numfashi ta farat ɗaya a littafin Amurka R06.03 ce, ƙarancin oksijin a jini kawai ba tare da an ce gazawa ba R09.02, duk a babin alamomi suke. A littafin Hukumar Lafiya kuma in an riga an san nimoniya ce ta kawo hakin, yawanci ba a ma wahalar da kai wajen sa lambar alamar.

Na san abin da ke ranki, 84 fa, lita 6 fa, kwana huɗu fa, ai ko makaho ya shafa ya san gazawa ce. Ni ma in kin tambaye ni a bakin shago zan ce miki da alama ita ce. Amma akwai abin da ni da ke ba mu sani ba daga kan tebur. Dattijon nan mai COPD ne, irinsu da yawa a 88 zuwa 92 ake so a riƙe su, wani ma a gida haka yake yawo da 87 yana zuwa masallaci, to 84 a wurinsa faɗuwa ce babba ko 'yar gangarowa ce daga inda ya saba? Yana da silinda ko injin oksijin a gida? In yana da tsohuwar gazawa, to a littafin Amurka maganar ta tashi daga J96.0 ta koma J96.2, a namu kuma hukuncin yadda za a haɗa J96.0 da J96.1 sai abin da ƙa'idar gidanku ta ce. An auna 84 ɗin kafin a sa oksijin ko bayan an sa? Yatsan da sanyi? Duk waɗannan likita ne zai auna su ya ce ga sunan abin.

Abin yi shi ne takardar tambaya, kuma rubuta ta ma sana'a ce. Ba a cewa "Likita don Allah rubuta mana feliya don mu samu mu sa lamba", wannan sa masa magana a baki ne, kuma in masu bincike suka gani daga ke har shi kun shiga uku. Abin da nake rubutawa kusan haka yake: ranka ya daɗe, majinyaci kaza an kawo shi ranar kaza, SpO2 84, numfashi kaza a minti, an sa oksijin lita 6 na kwana huɗu, an rubuta distires a shafi kaza, shin akwai wata cuta da waɗannan ke nunawa wadda aka yi wa magani? Sai in jera masa zaɓi a layi, gazawar numfashi ta farat ɗaya, sabuwa a kan tsohuwa, tsohuwa kawai, ƙarancin oksijin ba tare da gazawa ba, wani abu daban, ko ba za a iya tantancewa ba, in kuma gazawa ce wane nau'i. Ya zaɓa ya rubuta a cikin folda da hannunsa ya sa kwanan wata da sa hannu. Amsar baki a baranda ba ta shiga folda, na sha jin "e mana, ai feliya ce, sa kawai" daga likita yana sauri zai shiga tiyata, ni kuwa sai in miƙa masa biro. Wasu za su ɓata rai, musamman ƙananan likitoci da suka kwana a kan kira, amma in kin yi sau biyu sau uku cikin ladabi za ki ga da kansu sun fara rubutawa cikakke don su huta da ke.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa wa sababbi ba. Wani lokacin likita ya rubuta gazawar numfashi ɓaro-ɓaro amma foldar ba ta goyi bayansa ba, SpO2 96 a iskar ɗaki, numfashi 18, nas ta rubuta yana zaune yana cin tuwo, oksijin lita 2 na awa ɗaya aka cire. Nan ma ba ke za ki goge ba, tambaya za ki sake yi ko ki kai wa oga. A Amurka wannan babbar rigima ce saboda tsarin biyansu na DRG, wato biyan asibiti gwargwadon rukunin cutar, wanda Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatinsu, ta fara tun 1983, gazawar numfashi ta farat ɗaya tana cikin manyan cututtukan rakiya da ke ɗaga kuɗin kwanciya sosai, shi ya sa masu binciken kamfanonin inshora suka sa mata ido, suna ganinta za su fara neman ABG da yawan numfashi da irin oksijin da aka bayar. Mu a nan abin ya fi zuwa ta bayan gida, ki tura takardar neman kuɗi da oksijin na kwana huɗu amma cutar da ke sama nimoniya ce tsura, sai a dawo da ita a ce me ya ci oksijin haka. Kin ga rashin sawa asara ne, sawa ba hujja kuma ha'inci, takardar tambayar nan ita ce ke fitar da ke daga duka biyun.

Ɗan abin yatsa ba alƙali ba ne

Bari in ɗan ratse nan don ya shafe mu kai tsaye. Yawancin asibitocinmu ba a yin ABG, ko babu injin, ko babu katirij, ko kuɗin ya fi ƙarfin 'yan'uwan majinyaci, don haka kusan komai a kan ɗan abin yatsa yake tafiya. Shi kuwa oksijin kaɗai yake ƙiyastawa, bai san komai game da kabon ba, ma'ana nau'i na biyu yana wuce mu da yawa ba a rubuta shi ba, kuma in likita bai faɗi nau'i ba kada ki ƙirƙira masa, J96.09 a namu ko J96.0 kawai in manhajarku harafi huɗu take karɓa, J96.00 a na Amurka. Sannan a Disamba 2020 masu bincike daga Jami'ar Michigan suka wallafa cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata, wato ta nuna 92 zuwa 96 alhali jinin jijiya yana ƙasa da 88. Ƙara da jan farce da baƙin lalle da sanyin hannu. Wanda hayaƙin janareta ya kama kuwa na'urar za ta iya nuna miki 98 yana mutuwa, don ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki gubar hayaƙin. Shi ya sa ba na son mai sa lamba ya riƙe 90 kamar aya, sama da ita babu gazawa ƙasa da ita akwai. Ko ma'aunin ARDS, wato mummunan ciwon huhu mai hana oksijin shiga jini, na birnin Balin na 2012 da ke buƙatar ABG da injin numfashi sai da aka yi masa gyaran Kigali a 2016 don asibitoci irin namu, aka yarda a raba SpO2 da kason oksijin, 315 ko ƙasa.

Wa ke gaba, wa ke baya

A ce likita ya amsa ya rubuta gazawar numfashi ta farat ɗaya saboda nimoniya. Yanzu sai zancen jeri, kuma nan ne za ki ji mutane suna rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba, wani ya ce gazawar numfashi kullum ita ce farko don ita ce mai kisa, wani ya ce ba ta taɓa zama farko don kullum wani abu ne ya jawo ta. Duka biyun kuskure ne.

A ƙa'idar Amurka, babi na 10, tana iya zama babbar cuta in bayan an gama bincike ita ce ainihin abin da ya sa aka kwantar da mutum. Tana zama ta rakiya in bayan kwanciya ta faru, ko tana nan tun zuwa amma ba ita ce dalilin kwanciyar ba. In kuma ita da wata cuta mai zafi, kamar nimoniya ko bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, suka zo tare kowacce ta isa ta sa a kwantar, to yanayin kwanciyar ake dubawa, me aka fi yi wa aiki, ina aka kai shi, in sun yi kunnen doki kowacce za ta iya shiga gaba, in abin bai fito ba a koma wa likita. Ni abin da nake tambayar kaina shi ne, da babu gazawar numfashin, da an ba wa mutumin nan magani ya tafi gida? In e, to oksijin ne ya kwantar da shi ba allura ba. A littafin Hukumar Lafiya kuma babbar cuta ita ce wadda a ƙarshen jinya aka gane ita ta fi sa a nemi magani, in sun fi ɗaya a ɗauki wadda ta fi cin kayan aiki, kuma a aikace a wuraren da na zauna nimoniyar ko COPD ɗin muke sawa a gaba J96 ta biyo baya, don rahoton wata-wata cutar da ta kawo mutane yake son ƙirgawa. Wannan ki tambayi oga yadda gidanku da yarjejeniyarku da masu inshora suka tsara, nasa ne ba nawa ba.

Sai wuraren da babu zaɓi, waɗannan ki haddace su don jarabawa tana son su, lambobin kuma na littafin Amurka ne. In guba ce, lambar gubar ce farko, wanda ya sha fiya-fiya T60.0, hayaƙin janareta ko gawayi a ɗaki rufe T58, sannan J96 ta biyo. In mai ciki ce ko mai jego, lambar babin haihuwa ce farko, O99.5. In cuta ce mai alaƙa da HIV, B20 ce farko. In sefsis ne tun zuwa, wato ƙwayar cuta ta birkita jiki gaba ɗaya, sai a fara da lambar sefsis ɗin kamar A41.9, sannan R65.20 ko R65.21 in da faɗuwar jini, sannan gazawar numfashin a matsayin gaɓar da ta gaza, da sharaɗin likita ya danganta su. Korona ma haka, U07.1 a gaba, J12.82 ta nimoniyarta, sannan J96.01. Jariri sabon haihuwa kuwa bai ma shiga J96 ba, nasa P28.5.

Maƙwabtan da ake rikita su da ita

ARDS lambarta J80, kuma a littafin Amurka akwai gargaɗi a ƙarƙashin J96 cewa ba a haɗa su, in gazawar ta kai ARDS to J80 ta wadatar. Tsayawar numfashi ɗungurungum R09.2 ce. Wadda tiyata ta jawo a Amurka J95.821 ce, ko J95.822 in a kan tsohuwa ta hau, amma ki yi hattara da ita ƙwarai, barin mutum a kan injin numfashi na 'yan awoyi bayan babbar tiyata kamar yadda aka tsara ba gazawa ba ce, in kin sa ta kin rubuta wa likitan tiyata matsalar da bai jawo ba, kuma zai neme ki har ofis. Mai oksijin a gida ana ƙara masa Z99.81 a littafin Amurka, amma ita kaɗai ba ta ba ki izinin sa J96.1 ba sai an rubuta. In an sa mutum a bentileta, wato injin numfashi, a Amurka awoyi ake ƙirgawa a sa lambar aikin, ƙasa da 24 5A1935Z, 24 zuwa 96 5A1945Z, sama da 96 5A1955Z, kuma daga takardar nas ta ICU, sashen kulawa ta musamman, ake ƙirga su ba daga ka ba.

Wuri ɗaya da nake so ki zama mai taurin kai shi ne takardar shaidar mutuwa. Kowa da ya mutu numfashinsa ya tsaya, don haka rubuta gazawar numfashi ko gazawar zuciya da huhu a matsayin sanadin mutuwa daidai yake da a ce ya mutu saboda rai ya fita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta lissafa J96.0 da J96.9 da P28.5 cikin abubuwan da ba su fayyace komai ba wajen zaɓen asalin sanadi, ana tsallake su a nemi abin da ya faro zancen, tarin fuka ne, nimoniya ce, COPD ne, tetanus ne. In duk takardun asibiti suka ce gazawar numfashi, ranar da za a zauna rabon kuɗin magani babu wanda zai san tarin fuka na kashe mutane a garin.

Mu dawo kan dattijonki. Yau ki cire J96 kamar yadda oga ya ce, ki bar J44.0, wato COPD tare da ciwon ƙasan hanyar numfashi, da J18.9 ta nimoniyar in ba a gano ƙwayar cutar ba, ki rubuta takardar tambaya ki maƙala a gaban foldar, ki duba takardar nas ta ranar farko ki kwafo yawan numfashinsa da ko 84 ɗin a iskar ɗaki aka auna, ki duba tarihin ko yana da oksijin a gida. In likita ya dawo da gazawa ta farat ɗaya nau'i na ɗaya, a kwamfutarku J96.00 za ki danna. In irin wannan tambayar ta fito miki a jarabawar Amurka amsar J96.01 ce, in kuma suka ce dama yana da tsohuwar gazawa, J96.21.